Ƙoƙon Wataƙila

A wani daji da ke gefen tsohon rafi, dabbobi manoma ne, kuma ba mai zuba iri a ƙasa sai an ji ta bakin Malama Shamuwa. Allah sarki, wancan zamani! In zafin bazara ya kai inda ya kai, gawo ya fara zubar da ganye, sai a hango ta daga kudu, ta sauka kan tsamiyar dandali a gajiye. A kawo mata ruwa ta sha, ta tambayi wanda ya rasu da wanda aka haifa, sannan ta gyara murya.

"Jama'a, na baro ruwa a bayana. Iska ta juyo, na kuma ga tururuwa suna kwashe ƙwai zuwa tudu. A ganina damina ta kusa, wataƙila ma ta zauna. Amma na sha ganin ruwa ya sauko sau ɗaya ya ɗauke ƙafa. Ku shuka, ku rage."

Saboda wannan "ku rage" kowane gida yake da ɗan ƙoƙo rataye a cikin rumbu, ana ce masa ƙoƙon wataƙila. In za a fita shuka sai a ɗebi iri a zuba a ciki a rufe. Ruwa ya zauna, a daka shi a yi wa yara kunu. Ruwa ya yaudari mutane, a sauke shi a sake shuka. Ba wanda ya taɓa jin haushin Malama don ta ce wataƙila. Ai ita ma ba daga sama aka aiko ta ba, ido ne da ita da daɗewa a hanya.

Ba wanda ya kai Gwaggo Bushiya riƙon wannan al'ada, don abin da ke cikin ƙoƙonta babu shi a ko'ina. Wani gero ne da ta gada wajen uwarta, zangarniyarsa duk gashi kamar bayanta, tsuntsu ba ya iya sa masa baki. In ta dama furarsa, har ƙetaren rafi ana jin ƙamshi. Duk dajin ita kaɗai ta rage da irinsa.

Ana nan sai aka zaɓi Gwanki shugaban majalisa. Ana shirin bikin hawansa kujera aka tambayi Malama, ta ce wataƙila ba za a yi ruwa ba ranar. Kai! Ruwan da aka tafka, har kujerar sai da ta yi iyo. Gwanki ya tsaya gaban baƙi sharkaf, gemu na ɗiga. Ya ajiye abin a ransa.

Da shekara ta zagayo, Malama ta sauka ta yi sheƙa ta saka ƙwai, sai Gwanki ya tara majalisa.

"'Yan'uwa," in ji Gwanki, "har yaushe za mu zauna muna noma da wataƙila? Wanda ya sani ya ce ya sani, wanda bai sani ba ya ba mu wuri. Muna ba Malama reshe mafi inuwa a dajin nan, ita kuwa tana ba mu rabin magana. Daga yau mai hasashe zai faɗi abu ɗaya tak, ya tsaya a kai. Kuma tunda za a riƙa faɗa mana tabbas, ajiye iri a ƙoƙo ya zama raini ga majalisa. Na naɗa Hawainiya ta bi gida gida ta duba."

Aka yi tafi har da masu buga ƙafa. Gaskiya maganar ta yi wa kowa daɗi, don zama cikin shakka akwai gajiya. Aka juya wajen Malama: ko ta faɗi magana ɗaya, ko ta kwashe ƙwanta ta bar tsamiya. Ta dubi sheƙar ta daɗe, sannan ta ce, "Ruwa ya kusa, kuma zai zauna." Abin da ta saba faɗa ne, wutsiyar kawai aka yanke.

Da taro ya watse, Gwaggo Bushiya ta lallaɓo gindin tsamiya.

"Malama, tsakaninki da Allah, zai zauna? Kin san abin da ke cikin ƙoƙona. In ya tafi, ya tafi ke nan."

Malama ta ɗaga kai. Hawainiya na kan reshen kusa, ido ɗaya na kallon gabas, ɗayan na kanta.

"Zai zauna, Gwaggo," ta ce, ta kau da fuska.

Ba a jima ba ruwa ya sauko kamar yadda ta faɗa, ƙasa ta yi ƙamshi. Gwanki ya yi ta yawo yana cewa, "Kun gani? Ashe da ma ta sani, rowa take mana." Kowa ya sauke ƙoƙonsa ya juye a gona. Gwaggo ta juye nata, har ta buga gindinsa don kada ƙwaya ta maƙale Hawainiya ta gani.

Shuka ta fito kore shar, abin sha'awa. Daga nan sama ta yi shiru. Hadari ya taso ya watse, ya sake tasowa ya watse. Gwaggo ta yi ta jido ruwa daga rafi da ƙoƙon nan, da ƙafafunta 'yan guntaye, amma ina! Tana kallo geron uwarta ya lanƙwashe, ya yi ja, ya bushe. Wallahi ranar da ta tsuguna a kan kunyar gonarta ta dunƙule, ba wanda ya iya yi mata magana. Da ruwan gaske ya dawo, babu gidan da ke da abin sakewa. Sai da aka je dajin maƙwabta roƙon iri, aka samo wani gero maras gashi, tsuntsaye suka raba shi da masu gona.

Majalisa ta zauna, aka gurfanar da Malama.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "abin da na gani bana shi nake gani kowace shekara: iska, tururuwa, ruwan da na baro a baya. Ba su taɓa faɗa mini gobe ba, sukan nuna mini inda ta fi karkata ne kawai. Wataƙilar da kuka ƙwace ita ce mafi gaskiya a duk maganata, kuma ita ce take cika ƙoƙo. Laifina ɗaya, kuma babba ne. Tsohuwa ta tambaye ni tsakanina da Allah, na dubi ƙwaina na ba ta amsar majalisa."

Majalisa ta yi nazari mai zurfi, ta gano cewa dokar ba ta da aibi, mai hasashen ce ta gaza. Aka sallami Malama, ta jira 'ya'yanta suka yi fiffike ta tafi, ba ta sake sauka a tsamiyar ba. Aka ba Hawainiya muƙamin. Ita kuwa ta zo da tsari mai kyau: ba ta sanar da zuwan ruwa sai ta taɓa ƙasa ta ji ta jiƙe, ba ta cewa damina ta zauna sai an kai amfani rumbu.

Gwaggo Bushiya har yau tana rataye ƙoƙonta, ba komai a ciki, don haka bai saɓa wa doka ba. In bazara ta yi zafi takan fito dandali ta zauna tana kallon kudu, yara suna tambayarta wai da gaske ne an taɓa yin gero mai gashi.

Tun daga shekarar nan dai, hasashe bai sake kuskure ba a dajin, ko sau ɗaya.