Yadda Za Ka Zama Masanin Itacen Wuyan Jita Ba Ka Taɓa Riƙe Zarto Ba

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawarin kafin damina ta faɗi, daga Ƙauran Namoda har Zurmi ba mai sassaƙa ko muciya sai ya nemi shawararka. Hanyar an gwada ta. Shamsuddeen mai sayar da baƙin mai a tashar Ƙaura ne ya share ta, mutumin da ko ganga bai taɓa bugawa ba.

Abokinsa Salim direba yana da jitar da marigayi yayansa Sanusi ya zo da ita daga Maraɗi. Ƙusar da aka rataye ta a kai ta zare, jitar ta faɗo, wuyanta ya karye. Ga bikin ƙanwarsu Muhsina ya ƙarato, kuma abu ɗaya ta roƙa: kafin a kai ta ɗakinta a Zurmi, ya kaɗa mata kiɗan da Yaya Sanusi yake yi musu a tsakar gida.

1. Ka riga kowa girgiza kai

Da an miƙo maka karyayyen wuya, kada ka ce sannu. Shinshina shi, ka yi tsaki. Shamsu ya juya shi sama da ƙasa ya ce, “Wanga icce dama ba shi da niyyar daɗewa.” Salim, da yake shirin kai ta wurin kafinta a liƙa da gam, ya koma ya zauna. Wanda ya sa mai sauri ya zauna ya gama rabin aiki.

2. Samo itatuwa biyu masu kama da juna

Kada ka kuskura ka gwada kanya da rimi. Ko akuya ta san bambancinsu, kasuwarka ta mutu ke nan. Don sassaƙa sabon wuyan, ɗauki madaci da dogon yaro: in an goge su duk ja-ja ne, nauyinsu kusan ɗaya, duk suna karɓar sassaƙa. Inda ido ya kasa, nan baki yake cin abinci.

3. Ƙwanƙwasa, ka lumshe ido

Riƙe katakon da yatsu biyu, ka doke shi da bayan yatsa, ka kai kunne. Shamsu ya yi nasa a layin 'yan katako, inji na yanka a gefensa, ko kiran sunansa ba ya ji. Da ya buɗe ido ya ce muryar madaci irin ta magidanci ce, ta dogon yaro kuwa ta saurayin da bai ajiye iyali ba.

“To wanne za mu ɗauka?” in ji Salim.

“Kai dai ka cika garaje. Tuƙi ne?”

4. Lasa

An san madaci da ɗaci, don haka Shamsu ya tara jama'a ya ce yanzu harshe zai raba gardama. Ya lashi na farko, fuskarsa ta yamutse. Ya lashi na biyu, ta ƙara yamutsewa, don dogon yaro ma ba zuma ba ne. In haka ta same ka, kada ka tofar a gaban mutane. Haɗiye, ka ce ɗacin na farkon ya fi tarbiyya.

5. Kada ka yanke hukunci a garinku

Masani ba ya daraja a gida. Shamsu ya sa Salim ya ɗauke shi da katakan biyu zuwa kasuwar Shinkafi, wai iskar can ta fi bushewa, sauti zai fi fitowa. A gidan gaba ya zauna, an saya masa tsire. Suka dawo da labarin cewa akwai buƙatar ƙarin bincike.

Ranar da aka fara jeren kayan amarya, Salim ya same shi a shago, bai ko zauna ba.

“Shamsu, yarinyar nan ba ta roƙe ni gado ko kujera ba. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba.”

Wannan maganar ita ce ramin da masana da yawa suka faɗa. Kada ka amsa ta. Nuna ɗaya kawai. Shamsu ya nuna madaci, ya ce tun ranar farko ya sani, so yake Salim ya koyi haƙuri.

6. Kada ka raka zaɓinka gida

Salim ya jingine katakan a zaure ya tafi lodi. Inna Maimunatu, mahaifiyarsa, tana fama da tukwanen 'yan biki ga itace ya yi ƙaranci, ta ga busasshen katako mai kyau, ta sa aka faskara. Madacin ne. Salim ya dawo ya tsaya a kan murhu yana kallo, sannan ya ɗauki dogon yaron ya kai wa kafinta, bai gaya wa kowa ba. Kai dai ka tabbata ba ka nan lokacin.

7. Ranar biki, zauna inda za a gan ka

Da la'asar Salim ya zauna a kan turmi ya ɗaure wayoyi. Farkon kiɗan bai fita daidai ba, ya sake. Da kiɗan ya kama hanya, surutun mata ya ɗauke. Muhsina ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na motsi. Inna Maimunatu ta ajiye ludayi ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da ya gama.

Shamsu na bakin zaure, ido a lumshe, yatsa a sama.

“Kun ji madaci ko? Ni na hwaɗi. Dogon yaro ba shi iya wanga aiki.”

Salim ya goge idonsa da hannun riga, ya dubi abokinsa.

“Mun ji shi, Shamsu. Har cikin tuwon anka ji shi.”

Shamsu ya ɗauka yabo ne, ya ce a ƙaro masa malmala ɗaya.

Hattara

Mai wannan rubutu ba kafinta ba ne, ba makaɗi ba ne, shagonsa kawai ke kallon na Shamsu. In harshenka ya kumbura, ko wuyan jitarka ya lanƙwashe, ko tsohuwarka ta dafa shinkafa da binciken da ka yi, tsakaninka da katakonka ne. Kada ka zo tasha nemana, kuma don Allah kada ka kai wa Shamsu takardar nan. Har yau bai sani ba, kuma an fara kawo masa ƙotar gatari daga Kasuwar Daji ya duba.