Rasuwar Ɗan Ja, Babur Mai Ɗaukar Mutum Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugu mai cike da tsami, ni Zainulabideen Maidawa na garin Lafagu nake sanar da 'yan uwa da abokan hanya rasuwar babur ɗina, wanda aka fi sani da Ɗan Ja. Ya cika ranar Talata da hantsi, cikin wani kwari gab da shiga Matsinkai, yana da shekara goma sha ɗaya a duniya.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya kai albasa bakin iyakar Benin, ya dawo da busasshen kifi, bai taɓa cewa warin ya dame shi ba. Ya ɗauki tinkiya da 'ya'yanta, ya ɗauki surukata da tukwanenta. Da safe sai ya yi tari sau uku, kyaf, kyaf, kyaf, kafin ya yarda ya ce burrr. Aibinsa guda, ba ya son tafiya da mutum ɗaya, kuma wannan ba laifinsa ba ne.

Aminina Bunyaminu bakanike, wanda kullum muke zuwa kasuwa tare, shi ya saita masa shokazoba ta baya, ƙafafun nan masu sifirin da ke shanye gargada. Bunyaminu ba ya aiki da ma'auni, da jikinsa yake awo. Ya sa na hau gaba, ya haye baya da dukkan ƙibarsa yana ta sukuwa kamar mai kirɓa fura, yana sauka yana ƙara ɗaurewa, har sifirin ya ce ƙiiƙ. Sai ya karce wurin da ƙusa, ya ce daidai mu biyu ke nan, kada kowa ya taɓa.

Shekara uku ke nan da mota ta kaɗe Bunyaminu a hanyar Kurgu, ya riga mu gidan gaskiya. Tun ranar ban bari wani bakanike ya sa hannu a wurin ba. Amma babur da aka ɗaure wa nauyin ƙato, in ka hau kai kaɗai, kowane rami sai ya cilla ka sama ka gaisa da tsuntsaye. Don haka na ɗaura buhun gero a mazaunin baya. Mutane suka yi ta dariya, masu shingen hanya har tambayar lafiyar fasinjana suke yi. Ban damu ba, da buhun a baya tafiyar takan yi mini kamar ta da.

Ciwon ajali ya fara ne ranar Litinin, da baƙi suka cika gida. Maiɗakina Mashkura ta duba rumbu, ta duba babur, ta kwance fasinjan ta kai shi inji. Na ci tuwonsa har da ƙari ban sani ba. Washegari na fita ba kowa a bayana. Ramin farko marigayin ya yi gargaɗi, na biyu ya yi tsalle, na uku muka rabu a sama. Na sauka a gonar dawa, shi kuma ya gangara kwari ya karye gida biyu. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce ƙiiƙ.

Ya bar ni, da Mashkura wadda har yanzu take cewa gero na ci ne, da madubi ɗaya, da hular kwano da ba ta taɓa barin ƙusar bango ba, da jarkoki huɗu marayu.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe ne za su ɗauki gawar a kura. Ana roƙonsu su zo da sifana, domin shokazobar da ke da karcen ƙusa ba ta cikin cinikin, a ɗakina za ta kwana. Masu zuwa ta'aziyya kada su wahalar da kansu a kan ƙarfe. Su yi wa Bunyaminu addu'a, shi da na kasa rubuta wa ko layi ɗaya sai yau.