Tsagar da Ta Sha Jarka Shida

"Lafiya lau, bawana. Ya gajiya? Au, na manta, wanda bai taɓa aiki ba ina zai samo gajiya."

"Alhamdulillahi, uwar kifaye. Ya mutanen cikin ruwa?"

Taubashiyata ce, 'yar kawuna. Ita ke kula da wurin ninƙaya na wani otal, tana koya wa mata da yara iyo. Sati uku ke nan ruwan wurin yana sauka, kullum faɗin yatsu huɗu. Mai otal ya ce in yoyon bai tsaya ba zuwa Asabar, zai sa a fasa tayil a tone bututu, a rufe wurin wata uku, ita kuma ta je gida ta huta. Shi ya sa ta kira ni, ni da nake fulamba.

"Ina gudumarka?" ta ce tana leƙa bayan motata. "Jarkoki kawai nake gani. Gyara ka zo ko tallan kalanzir?"

"Guduma ta 'yan koyo ce. Ni ba na fasa ko tayil ɗaya. Zan toshe bakunan bututun da roba, in cika shi dam da wannan magani. Duk inda tsaga take, maganin zai bi ta nan ya jiƙa ƙasar da ke bayanta. Sai in zuƙe sauran, in ɗura na biyu. Da sun gamu a waje, sai su daskare kamar dutse. Shi ke nan."

"Wato ba ka ma san inda tsagar take ba."

"Ba ruwana da saninta. Maganin ne zai je ya yi mata sallama."

"Na gane. Magani ya yi aiki, kai ka karɓi godiya. Haka gwaggo ta ce kake tun kana goyo, sai an tauna an sa maka a baki."

"Uwata kike faɗi? Ke da kawu ya ce ranar da aka haife ki ungozoma sai da ta nemo ƙugiya."

"Kai kuma ranar da ka faɗa kwatami, ruwa iya idon sawu, kana ihu a kira 'yan kwana-kwana."

"Kwatamin nan ya cinye jakuna biyu kafin ni!"

An riga an sauke ruwan wurin ƙasa da bakunan bututun. Na bi su na toshe guda huɗu, na jona tiyo a ɗakin inji, na fara ɗurawa. Jarka ɗaya ta shige ba ko gyatsa. Ta biyu ma haka. A ƙa'ida bututu irin wannan jarka biyu ke cika shi. Sai ga ni a ta biyar.

"Zo ki ga abin da kika zauna a kai!" na ce. "Wannan ba tsaga ba ce, ƙofar gari ce. Shekara goma sha biyu ina aikin nan ban taɓa ganin irinta ba. Na rantse akwai kogo a ƙarƙashin otal ɗin nan, mota za ta yi kwana a ciki."

"To, injiniya."

"Da kin ƙara kwana uku, da ku da ɗalibanki sai dai a tsamo ku a wata ƙasa."

Ta tsaya tana kallon jarkokin da na juye, sannan ta fita. Na ɗura ta shida. Da na ga bututun ba shi da niyyar cika, na ce ai ƙasa ta sha iya shanta. Na zuƙe ɗan abin da ya rage, na jawo magani na biyu na kwance murfin.

Sai ga ta ta dawo tana bin bango, silifas ɗinta a hannu, ƙafafunta suna santsi.

"Bawana, bakuna nawa ka toshe?"

"Huɗu. Duka."

"Ajiye jarkar nan. Zo in kai ka kogon."

Bayan wata ƙofar gilashi akwai ɗaki mai babban baho na ruwan ɗumi, irin mai tafarfasa da baƙi ke jiƙa bayansu a ciki. Ashe bututu ɗaya ne ke ba bahon da wurin ninƙayar ruwa, bakinsa na biyar yana cikin bahon. Ga maganina nan kwance a ciki yana sheƙi, ya kai rabin ƙwauri.

"Ga ƙofar garin," ta ce. "Shigo da motar ka yi kwana."

"Da gangan na yi. Wanke muku bahon nake, kyauta."

"Madalla. Da ka ɗura na biyun fa, su gamu a nan?"

Na sunkuya ina leƙen bakin bututun.

"Ina jin ka, injiniya."

"Da bahon ya zama... abu mai ƙarfi."

"Dutse! Da baho da bututu duka. Da yau ba tayil kaɗai za a fasa ba, har da kaina."

"Ai laifin wanda ya gina wurin ne. Wa ke ɓoye baho a bayan ƙofa?"

"Masu kunya. Ungo bokiti."

Na kwashe maganin tas, na mayar cikin jarkoki, ita kuwa tana zaune kan kujerar baƙi tana ba ni umarni da yatsar ƙafa. Baki na biyar ita ta toshe shi da hannunta, ta ce ba ta yarda da nawa ba. Na sake ɗurawa. Jarka biyu, bututu ya cika, ya ɗan sauka kaɗan ya tsaya. Na zuƙe, na ɗura na biyu, na zuƙe, na wanke bututun. Aka cika wurin, ta manna salatif daidai bakin ruwa.

Ranar Asabar da safe na koma. Ruwa na nan kan salatif bai motsa ba, yara sun cika wurin da ihu, mai otal yana tsaye yana gyaɗa kai.

"Ranka ya daɗe, ga fulamban," ta ce. "Bawana, faɗa masa, nawa tsagar ta sha?"

"To, ka san irin waɗannan tsagogi..."

"Na ɗauki hoton bahon. Gwaggo kawai nake jira ta samo tabaranta."

Na dubi mai otal, na dubi wayar da ke hannunta, dariya ta ƙwace mini.

"Kofi biyu, ranka ya daɗe," na ce. "Su ma ba su cika ba."