Ranar da Tumbina Ya Halarci Taron Yamai

Ba zan taɓa mantawa da wannan Talatar ba, kuma tun kafin ku fara nema, wawan labarin ni ne. Ni da na yi aji huɗu cur a lakwal, makarantar boko, kafin mushe malaminmu ya gaji da ni, ni da ake kawo wa takarda in karanta a gindin bedi (in ta yi tsawo nakan ce tabarauna na gida).

Shekarar korona ce. An rufe ofis-ofis a Yamai, sai ɗiyata Rakiya ta dawo gida Filinge da ordinatarta, wato kwamfuta. Gwajin wata uku take yi a wata ƙungiyar gina rijiyoyi, kuma gidanmu kuran, wato lantarki, sai ya ga dama. To, wani otel a garin ya rasa baƙi, mai shi ya tura gadaje jikin bango, ya sa tebur da kujera, ya ce ɗakuna sun zama biro, wato ofis: ga sanyi, ga intanet. Nan Rakiya take wuni.

Ɗiyata da biro a otel! Ba wanda ban gaya wa ba, har masu sayar da gero na kasuwar Lahadi.

Ranar Talatar za ta yi taro da manyanta na Yamai ta intanet, a yanke ko a riƙe ta ko a sallame ta. Da safe ta ce, "Baba, don Allah yau kada ka zo." Na ce, "Ni? Mi za ni yi can?" Tana fita na zarce wurin malam na karɓo rubutun sa'a a gora, na zuba babbar rigata ta Salla, na nufi otel ina tafiya kamar sufurihe mai mulkin gunduma.

Mai gadi ya sa na wanke hannu, ya ɗaura mini takunkumi, ya nuna mini ɗaki. Na yi sallama, shiru. Ashe an ba su hutun minti goma, ta je karɓo takardu.

Jama'a, sanyin ɗakin nan! Watan bazara ne, na taho gumi har cikin takalmi. Na ce bari in ɗan sha iska kafin ta dawo. Na cire takunkumi. Na cire hula. Na cire babbar riga, ƴar ciki ta bi ta. Na baje bisa gado, tumbi na kallon sama, ina ta hamdala.

Sai na lura da ordinatar bisa tebur, tana fuskantata. Kawuna shida a ƴan akwatuna, kowa ya yi tsit. Na ce a'a, har da talabijin! A sanina, mutumin talabijin kai ke ganin shi, shi ba ya ganin ka. Na gyara kwanciya na fara rabon suna da ƙarfi. Wannan ta yi kama da mai bin bashin daddawa. Wancan barci yake ji. Na kai kan na tsakiya na ce, "Kai, wanga mai sanƙo, kai kamar bayan ƙwarya, wa ya ɗaura maka karabat a wuya?"

Mai sanƙo ya matso da fuskarsa. Da Hausarmu tsantsa ya ce, "Baba, ina kwana? Ni ɗan Sanam ne, nan kusa da ku. Muna ganin ka, muna jin ka."

Na diro daga gado. Maimakon in rarumi riga, sai lakwal ta motsa: na ƙame, na sara, na ce da Faransanci, "Pardon, mushe! Je suis le papa!" Daidai nan Rakiya ta turo ƙofa. Takardun hannunta sunka watse. Wanda na zaga shi ne babban patoronta, shugaban ƙungiyar.

Na fita da riga a hammata, gorar rubutu a hannu. Na zauna ƙarƙashin bishiyar otel awa biyu. Yarinya ta yi shekaru tana karatu, ni na rushe shi da minti biyar na sanyi. Don tashin hankali, rubutun ma ni na shanye.

Da ta fito ba ta dube ni ba. Sai da munka kusa gida ta ce sun riƙe ta. Wai patoron ya ce wadda ta tattara takardunta ta yi bayani tiryan-tiryan bayan abin da ta gani, babu abin da zai razana ta a daji.

Abin da na koya: in ka ga gilashi mai haske a ɗakin ƴan zamani, gaishe shi tukuna, kuma da rigarka.

Amma hali zanen dutse. Da la'asar na dubi uwargida Hajo na ce, "Kin ji ko? Ba don ni ba da ba ta samu ba. Yau ni ma na halarci taron Yamai."

Ko ɗago kai daga tankaɗe ba ta yi ba. Ta ce, "Shekara arba'in ina rufa wa tumbin ga asiri, Malam. Rana ɗaya ka kai shi babban birni."