Yadda Za Ka Fige Zakaran Surukarka Ba Tare da Ta Sani Ba

Duk wanda ya bi matakan nan zai dawo daga kogin Fandar da kifi, ko da a ranar da kowa ya dawo da jiƙaƙƙen wando kawai. Na ba da tabbaci. Maƙwabcina Hunar Baig ya gwada su a gabana, kuma sun yi aiki har zuwa na huɗu.

Ka san ƙudan bogi: gashin tsuntsu da zare a ɗaure a ƙugiya, a jefa bisa ruwa. Na kantunan Gilgit kifinmu ya haddace su. Wanda bai taɓa ba da kunya ba shi ne na gashin wuyan tsohon jan zakara mai sheƙin tagulla. A iya bincikena, irin wannan zakara a gidan suruka yake zama.

Mataki na ɗaya: Zama surukin kirki

Fara zuwa gaisuwa ba tare da matarka ta tura ka ba. Riƙe tuffa. Sha shayin gishiri har kofi na biyu, ka ce ba a iya irinsa a gidanku. Hunar, wanda a da sai da sallah ake ganinsa, ya koma zuwa har surukarsa Bibi Zaitun ta tambayi 'yarta Gulshad ko an kore shi daga aiki ne.

Mataki na biyu: Yabi zakaran, amma da nisa

Kada ka roƙi gashin. Wanda ya roƙa ya tona asirin ƙudansa, kuma asirin da suruka ta ji da hantsi ya isa bakin kogi kafin azahar. Tsaya ka dube shi, ka girgiza kai, ka ce Allah ya yi halitta. A nan Hunar ya wuce gona da iri. Kullum sai ya ce, "Inna, zakaran nan naku ya cika ido."

Mataki na uku: Jira tukunya

Zakara ba ya ba da gashinsa cikin shiru. Jira tukunyar nan mai fito ta fara ihu a madafa, sannan ka bi shi bayan rumbun itace. Fizge kaɗan daga wuya, ka tura cikin naɗin hularka. Idan ya tsage maka hannu, ce ƙaya ce. Masu ilimi sun ce mutum ba ya sata daga dabbar da za ta sake tsiro da abin.

Mataki na huɗu: Yi ƙarya a bakin kogi

Kifi zai fara hawa ƙugiyarka, mutane kuma za su matso. Na farko shi ne wanda kuka daɗe kuna gasa. Na Hunar sunansa Niyat Wali, mutumin da ya kwashe shekaru yana kama ganye da tsofaffin takalma.

"Kai angon Gulshad, me ka ɗaura? Gemun kakanka?"

Hunar ya ce gashin wani tsuntsu ne da ɗan'uwansa ke aiko masa daga ƙasar waje, kuma ba a samunsa a nan ko da kuɗi. Yi haka kai ma. Maimaita a wurin shayi, ka tabbatar kowa ya ji. Kowa ya ji kuwa, har da Bibi Zaitun.

Mataki na biyar: San lokacin dainawa

Wannan matakin ban ga wanda ya iya shi ba. Kafin a girbe dankali wuyan zakaran ya koma kamar na ungulu. Hunar ya ɗora laifin a kan kaji, sannan kambun baka, sannan canjin yanayi. Tsohuwar ta saurara, ta aika ya zo cin abincin rana.

Ya tarar da shinkafa, da nama a kai, da tsakar gida shiru.

"Ci, ɗan nan," in ji ta. "Tun bazara kake kallonsa kana haɗiyar yawu. Na ce kafin ciwon wuyan nan ya kashe shi, gara ya shiga cikin mai ƙaunarsa."

Hunar ya ci, don ba a ƙin cinyar da suruka ta miƙo da hannunta. Da ya kusa gamawa ya tambaya, kamar ba komai, ina aka zubar da gashin.

Ta ce Niyat Wali ya shigo da safe ya yanka mata, ya roƙi abin da ya rage a wuya da gadon baya, wai yana so ya gwada a ƙugiya. Ta juye masa duka a jaka.

"Na so in ajiye maka," ta ce, tana ƙara masa romo. "Sai na tuna kai naka daga ƙasar waje ake aiko maka."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a tsagar hannu, sanƙon zakara, ko tsamin dangantaka da ka iya biyo baya. Masu ƙorafi su nufi bakin kogi su sami Niyat Wali. Ba shi da wuyar ganewa, shi ne mai jakar da ta yi nauyi.