Hayaƙin Kwarin Marke

A wani daji mai nisa da hanyar mutane, akwai wani ɗan gari na dabbobi manoma da ake kira Kwarin Marke. Tuddai sun kewaye shi ta ko'ina, har iska ma sai ta yi niyya take leƙowa. Da damina babu inda ya fi shi daɗin numfashi, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga na furen wake. Amma da an gama girbi, sai Ɓauna da sauran manyan manoma su cinna wa karan gonakinsu wuta, don sun ce kwashe shi wahala ce. Hayaƙin kuwa ba ya zuwa ko'ina. Sai ya kwanta a kan garin, shuɗi-shuɗi, ya rufe rumbuna har wuya.

A irin waɗannan watanni rana takan fito ja kamar nunannen gauta, ana kallonta ido da ido. Zakara yakan yi cara, ya tsaya yana tunanin ko ya riga ya yi. Kowa na tafiya a hankali kamar mai yawo cikin barci, muryar maƙwabci na zuwa kamar daga ƙasan rijiya.

A can gindin kwarin wata Bushiya take zaune da 'ya'yanta, sunanta Tabawa. Da tarin autarta ya yi tsanani, sai ta lallaba zuwa gindin marken da majalisa ke zama, ta durƙusa gaban Magajin gari, Raƙumin Dawa.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "ban zo da faɗa ba. Autata ba ta iya shan nono sai ta tsaya ta nemi numfashi. Mu da hancinmu ke kusa da ƙasa mun sha hayaƙin nan har mun manta ƙamshin abinci. Roƙona a bar karan ya ruɓe a gona, ko a ba mu mu yi darni da shi."

Kan Magaji yana can sama da hayaƙin, don haka muryarta kawai yake ji. Ya ce, "Baiwar Allah, duk inda kike, na tausaya miki. Sai dai ga ni tsaye a tsakiyar garin nan, ina shaƙar iska mai sanyi, ina hango tuddai tar. Ban ce kin yi ƙarya ba, amma majalisa ba ta aiki da abin da ba ta gani ba."

Ɓauna ya goge idonsa da ke zubar da ruwa, ya ce, "Allah ya taimake ka, haka muka tarar ana yi, kuma toka taki ce. Ni ma idona na yaji, ka taɓa jin na kawo ƙara?"

Aka daɗe ana muhawara, wasu na gyangyaɗi, kafin aka yarda a naɗa mai binciken iska. Aka zaɓi Shirwa, saboda kowa ya shaida babu wutar da ake cinnawa ba ta halarta ba. Ba wanda ya ambaci fara da ƙwarin da take cafkewa idan wuta ta koro su.

Shirwa ta tashi, ta yi sama har ta zama ɗigo, sannan ta sauko tana share baki.

"Ranka ya daɗe, na zaga gabas da yamma, iska garau take. Akwai dai wani abu shimfiɗe a kan gari kamar saɓin auduga, abin sha'awa ƙwarai in ka gan shi daga sama. Shawarata a daina ce masa hayaƙi, domin sunan ne ke tayar wa talakawa da tari. A riƙa kiransa lulluɓin kaka."

Majalisa ta yaba da zurfin wannan bincike, aka sa Gauraka ya yi shela.

Tabawa ta koma gida cikin lulluɓin kaka. Ba a jima ba auta ta daina tari, amma ba warkewa ta yi ba. Uwar ta rufe ta a bayan rumbu, ta tasa sauran 'ya'yanta gaba, suka kama hawan tudu. Zomo ya bi su da iyalinsa, Kurege ma haka, Kunkuru yana can baya yana haki. Da suka kai ƙololuwa, iska ta bugi fuskokinsu, yaran suka tsaya suna mamakin daɗinta. Tabawa ta waiwaya. Kwarin ya cika fal kamar ƙwaryar nono, ba a ganin komai sai kan Magaji shi kaɗai yana yawo a kai. Ta share hawaye, suka gangara ɗaya gefen.

Da ruwan farko ya sauka ya wanke sararin, majalisa ta yi biki, aka ƙara wa Shirwa sarauta. Kaka ta zagayo, Ɓauna ya sake cinna wuta. Magaji ya sunkuyo da dogon wuyansa iya yadda zai iya, ya kasa kunne ta wajen gindin kwari, ya daɗe yana saurare. Sannan ya ɗago cike da farin ciki, ya sa a sanar cewa an yi maganin tari a Kwarin Marke.