Yaƙin Malam Tanimu da Matatar Ruwan Ƙazanta

Da sunan Allah za a fara, sannan a ambaci nasaba, don ba a fito da sadauki fili a bar kakanninsa a baya. Wannan tarihin Malam Tanimu ne mai facin keke, ɗan Barmo wanda ya kori kura da takalmi ƙafa ɗaya, ko da yake wasu sun ce kare ne, ɗan Jatau mai atishawar da ke watsa kajin gida uku. Tanimu gagara masinja, bijimin benci, dogo mai hula ɗaya, mijin Tabawa shekara talatin da huɗu. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

Abokiyar gabarsa kuwa ita ce matatar ruwan ƙazanta, wato waɗansu manyan tafkunan siminti inda ruwan kwatamin gari kaf yake taruwa a tace shi. Sa'ad da aka gina ta wurin daji ne. Gari ya yi ta rarrafe har ya kewaye ta, gidan Tanimu ya zamana katanga ɗaya ce tsakani. In la'asar ta yi, iska ta juyo, sai rundunar wari ta hauro katanga ba sallama, ta ci tsakar gida da yaƙi, ta kama shanya, ta shiga har cikin tulu. Tabawa ta ƙona turaren wuta har ta haƙura.

Shi dai Tanimu burinsa a duniya guda ne: ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, a kawo tuwo, baƙo ya zauna ya cinye malmalarsa. Shekara ashirin ba baƙon da ya wuce loma uku. Ranar da tura ta kai bango ita ce ranar da surukinsa Alhaji Maikano, uban mijin 'yarsu, ya zo daga nesa. An zuba miyar kuka da man shanu, ya wanke hannu, iska ta juyo. Nan take Alhaji ya tuna yana azumin nafila, ga goro a bakinsa.

Tanimu ya shiga gida ya ce, "Tabawa, a wanke mini farar riga. Ko ni ko ita."

Ta ce, "Malam, ka dai ci tuwon tukuna."

Washegari aka buga tamburan yaƙi. Ya sa mai rubutu a bakin kotu ya tsara masa takardar koke, ya bi unguwa gida-gida da tawada har mutum ɗari da goma sha biyu suka dangwala yatsa, ya naɗe fayil a ledar burodi don tsoron ruwan sama, ya hau ingarman kekensa mai kuka kamar ƙofar da ta manta mai, ya tasam ma ofishin tsara gari, hula a karkace, gefen riga na kaɗawa kamar tuta.

A nan aka yi gumurzun benci, wanda ya ci shekara huɗu. Oga bai zo ba. Oga ya zo ya fita. A dawo Talata. Mazaje da yawa sun faɗi a wannan fage, suka koma gida suka rungumi ƙaddara, amma mujahidi Tanimu ya zauna daram, har masinjoji suka riƙa ba shi ajiyar buta. Sau biyu fayil yana ɓata. Na biyun shi da kansa ya hango shi an tokare ƙafar tebur da shi, ya durƙusa ya ceto shi daga hannun abokan gaba.

Daga bisani nasara ta leƙo: aka buga hatimi, an amince a tayar da matata. Sai dai, in ji su, ba a sa kuɗinta a kasafin bana ba. Ya sake ɗaura ɗamara, ya koma wani ofishin mai bene, ya yi shekara uku yana hawa yana sauka, gwiwa na ƙara, taya goma sha ɗaya ta yi shahada a hanya, har Allah ya sa kuɗi suka fito.

Saura wurin da za a kai ta. Ma'aikata suka zo ƙofar mai unguwa da taswira. Aka nuna gabas, masu gonakin gabas suka tashi. Aka nuna kudu, mahauta suka ce sai dai a bi ta kansu. Magana na shirin komawa ofis, sai sadauki ya miƙe, ya gyara hula, ya dangwala yatsa a fegin da ke bayan maƙabarta.

Ya ce, "Ranku ya daɗe, ga wuri. Mutanen can ba sa rubuta takarda."

Aka yi dariya, aka rubuta, aka buga hatimi.

Aka tayar da matata, aka mayar da ita bayan maƙabarta, aka cike tsofaffin tafkuna da ƙasa. Ranar walimar nasara Alhaji Maikano ya ci malmala biyu ya nemi ƙarin miya. Wata biyar cur Tanimu yana zaune a ƙofar gida da la'asar, yana shaƙar iska kamar mai ɗanɗana zuma, duk wanda ya gifta, ko bai san shi ba, sai ya ce, "Bismilla, malam, zo ka zauna." Tabawa tana mitar dawa za ta ƙare, tana kuma ƙara ɗora tukunya.

Sai zazzaɓi na kwana uku. Ranar Alhamis da hantsi ya cika.

A garin nan ba a zaɓar wa mamaci wuri. Layi-layi ake haƙa, inda aka tsaya jiya nan za a ɗora yau. Mata kuma ba sa rakiya. Tabawa tana zaune a ɗaki cikin 'yan zaman makoki maza suka dawo, ƙanen Malam, Ɗanlami, ya shigo ya durƙusa zai yi mata gaisuwa. Tun kafin ya buɗe baki ta ji warin nan a rigarsa. Ta gane shi kamar muryar tsohuwar maƙwabciya.

Ta ce, "Ɗanlami, ina kuka sa shi?"

"Layin ƙarshe ne, Yaya. Gaba duk ya cika."

"Katanga ɗaya ce tsakani?"

Ya gyaɗa kai.

Dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki da mayafi, dariyar ta ƙi tsayawa har ta koma kuka. Da ta samu numfashi sai ta ce, "Shi ya ce mutanen can ba sa rubuta takarda. To, yanzu sun samu mai rubutawa."

Fayil ɗin yana nan a ledar burodinsa, a saman ƙofa. Iskar ƙofar gida kuma tana nan garau. Kullum la'asar Tabawa takan sa a shimfiɗa tabarmar, a fitar da tuwo sadaka ga duk mai wucewa. Kwanon a suɗe yake dawowa.